Ana Zaton Wuta a Maƙera: Tarihin Gano Ɓarnar da HIV Ke Yi wa Garkuwar Hanji

Gabatarwa

Kusan shekara ashirin bayan bayyanar cutar ƙanjamau, jini likitocin duniya suka zuba wa ido. A jini ake gano cutar, a jini ake ƙidaya abin da ya rage na garkuwar jikin majiyyaci, da sakamakon jinin kuma ake yanke shawarar ranar da za a fara ba shi magani. Wannan dogaro ya haifar da wata fahimta da ta daɗe cikin littattafan koyarwa, cewa ƙwayar HIV sannu a hankali take cin garkuwar jiki, har ta kai mutum ƙasa bayan kimanin shekara goma. Tsakanin 1998 da 2006 aka sami jerin bincike da suka nuna cewa wata gagarumar ɓarna tana aukuwa tun cikin makonnin farko na kamuwa, kuma a bangon hanji take aukuwa, inda gwajin jini ba ya kaiwa. Hausawa sun ce ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka gano wannan al'amari, da dalilin da ya sa aka daɗe ba a gano shi ba, da gardamar da ta biyo baya, da kuma yadda duk wannan ya shafi tambayar da ta fi damun mai ɗauke da cutar: yaushe ya kamata a fara magani?

Kafin a shiga tarihin, ya dace a daidaita kalmomi. Inda aka ce "ƙwayar halitta" ana nufin ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi. Daga cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani rukuni da ake kira ƙwayoyin CD4, saboda wata alama mai wannan suna da ke bayansu. Su ne masu tsara yaƙin da jiki ke yi da cututtuka, domin su ke ba sauran dakarun garkuwa umarni. Waɗanda ba su taɓa karo da cuta ba za mu kira su "ɗanyu", waɗanda suka taɓa karo da ita suka riƙe kamanninta kuma za mu kira su "masu tuni". Wannan bambanci shi ne mabuɗin labarin gaba ɗaya.

Alamun farko: 1981 zuwa 1986

Ranar 5 ga Yuni 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoton samari biyar a birnin Los Angeles waɗanda suka kamu da wani ciwon huhu da ba ya kama mai ƙarfin garkuwa. Likitan da ya jagoranci rahoton, Michael Gottlieb, ya lura cewa ƙwayoyin CD4 sun kusa ƙarewa a jininsu. A 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier na Cibiyar Pasteur da ke Paris suka ware ƙwayar cutar. Abin lura shi ne daga kaluluwar wani majiyyaci suka ciro ta, wato daga cikin nama. A ƙarshen 1984 aka tabbatar cewa alamar CD4 ɗin nan ita ce mariƙin da ƙwayar cutar ke kamawa kafin ta shiga ƙwayar halitta, a 1986 kuma aka amince da sunan HIV.

Tun a waɗannan shekaru hanji yake nuna cewa akwai magana a wurinsa. A 1984 Donald Kotler da abokan aikinsa a New York suka duba gutsattsarin naman hanjin masu cutar, suka ga ƴan tsirarrun da ke shimfiɗe a cikin ƙaramin hanji, waɗanda ke tsotse amfanin abinci, sun gajarce sun lalace, alhali a wasu majiyyatan ba a sami wata cuta dabam da za a ɗora wa alhaki ba. A 1985 kuma David Serwadda da Nelson Sewankambo da abokan aikinsu suka bayyana a mujallar Lancet wata sabuwar cuta a yankin Rakai na ƙasar Yuganda. Mutanen yankin sun laƙaba mata suna "silim", daga kalmar Ingilishi mai ma'anar siriri, saboda manyan alamunta su ne gudawa mai naci da rama. Cikin majiyyata 71 da aka gwada, 63 suna ɗauke da ƙwayar cutar.

Ɗalibin Hausa zai ga wani abu a nan. Kalmar "ƙanjamau" daga aikatau "ƙanjame" ta fito, wato a rame a bushe. A Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa an fi jin "sida", wanda taƙaitaccen sunan cutar ne da Faransanci. Bahaushe da mutumin Rakai ba su yi shawara da juna ba, amma abu guda idonsu ya kama har suka raɗa wa cutar suna da shi: jikin da ke cin abinci ba ya riƙe shi. Talakawa sun nuna ciki tun da wuri. Sai dai masana a lokacin sun ɗauki gudawa da rama a matsayin abin da ke zuwa a ƙarshe, bayan garkuwa ta riga ta rushe.

A shekarar 1985 ɗin dai David Cooper da abokan aikinsa a Sydney ta Ostireliya suka bayyana rashin lafiyar da ke zuwa makonni kaɗan bayan kamuwa: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, kumburin kaluluwa, ƙuraje, wani lokaci har da gudawa. Takan yi mako ɗaya ko biyu ta wuce. Ba wanda ya san a lokacin irin abin da ke faruwa a cikin hanji daidai waɗannan kwanaki.

Zamanin dogaro da jini

Dalilin dogaro da jini a fili yake. Ɗibarsa ba wuya, ana iya maimaita ta kowane wata, kuma adadin da ake samu yana faɗin gaskiya game da haɗarin da majiyyaci ke ciki. Lafiyayyen mutum yakan sami ƙwayoyin CD4 tsakanin 500 da 1,500 a kowace mikrolita ta jini. Idan adadin ya faɗo ƙasa da 200, cututtukan da ke fakon raunin garkuwa sukan far wa jiki, shi ya sa daga 1993 Amurka ta sanya wannan adadi cikin ma'anar ƙanjamau. Zanen da aka saba koyarwa yana nuna adadin ya ɗan faɗi a makonnin farko, ya sake tashi kusa da inda yake, sannan ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan tsawon shekaru. Wannan tsakanin aka riƙa kira lokacin kwanton cuta, kamar dai ƙwayar tana barci.

Amma jinin da ke gudana a jijiyoyi bai ɗauke da fiye da kimanin kashi 2 cikin ɗari na irin waɗannan ƙwayoyin garkuwa ba. Sauran suna zaune a kaluluwa da saifa da ɓargo da bangon hanji da sauran sassa. Mai auna jini kaɗai ya yi kama da wanda ya tsaya a bakin hanya yana ƙidaya matafiya, yana son ya san yawan mutanen gari.

A 1993 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya ta Giuseppe Pantaleo da Anthony Fauci, ɗaya ta Ashley Haase, suka nuna a mujallar Nature cewa a lokacin da ake zaton cutar tana kwance, ƙwayar tana ta hayayyafa a cikin kaluluwa. A 1995 David Ho da George Shaw, kowanne da tawagarsa, suka nuna cewa kullum ana haifar ƙwayoyin cutar masu ɗimbin yawa ana kuma kashe su, lissafin da ya biyo baya a 1996 ya kai adadin kusan biliyan 10 a rana. Batun barcin cuta ya faɗi ke nan. Duk da haka tunanin cewa ɓarnar a hankali take taruwa bai gushe ba.

A 1995 ɗin ne kuma Thomas Schneider da abokan aikinsa a Berlin ta Jamus suka wallafa cewa raguwar ƙwayoyin CD4 ta fi tsanani a farkon ƙaramin hanji fiye da a jini. Binciken bai sami kulawar da ta dace da shi ba. Hankalin duniya ya koma kan abubuwa biyu da suka faru a 1996: haɗakar magunguna uku da aka yi shelar nasararta a babban taron Vancouver, da gano cewa mariƙin CD4 shi kaɗai bai isa ba, ƙwayar cutar tana bukatar mariƙi na biyu. Wanda ya fi muhimmanci a farkon kamuwa shi ne CCR5. Wannan gano na biyu shi ne daga baya ya bayyana sirrin hanji.

Abin da birai suka tona: 1998

Yana da wuya a sami mutum a kwana na goma da kamuwa, balle a nemi ya yarda a gutsuro naman hanjinsa. Saboda haka amsar ta fara fitowa daga dabbobi. Tun 1985 aka gano wata ƴar'uwar HIV, mai suna SIV, a jikin biran makak na Asiya da ake kiwo a cibiyar binciken birai ta New England a Amurka. Tana sa musu ciwo mai kama da ƙanjamau, kuma mai bincike ya san ranar da ya sa wa biri cutar.

A 1998 Ronald Veazey da Andrew Lackner da abokan aikinsu na wannan cibiya suka wallafa a mujallar Science sakamakon da ya sauya alkiblar fagen. Sun duba hanji da kaluluwa da saifa da jinin birai a kwanaki daban-daban bayan kamuwa. Suka tarar cikin ƴan kwanaki ƙwayoyin CD4 na bangon hanji sun yi mummunar raguwa, alhali a sauran wuraren ba a ga wani sauyi na a-zo-a-gani ba tukuna. Suka kuma ga cewa a daidai wannan lokaci hanjin cike yake da ƙwayoyin halitta da cutar ta shiga tana hayayyafa. A shekarar dai tawagar Satya Dandekar ta Jami'ar California da ke Davis ta sami irin wannan sakamako. Wani abin mamaki shi ne ɓarnar ba ta danganta da ƙofar da cutar ta shigo ba. Ko ta jijiyar jini ta shiga, hanji take dosa.

Masana da yawa sun ɗauki wannan a matsayin halin birai, ba lalle ya zama haka a jikin ɗan Adam ba. Sai da aka yi shekara biyar zuwa shida kafin a kawar da wannan shakka.

Tabbatarwa a jikin ɗan Adam: 2003 zuwa 2005

A 2003 tawagar Dandekar ta nuna irin wannan raguwa a hanjin mutanen da ba su daɗe da kamuwa ba, ta kuma nuna cewa bayan fara magani hanji yana jinkirin farfaɗowa fiye da jini. A Satumban 2004 mujallar gwaje-gwajen likitanci ta Jami'ar Rockefeller ta fito da maƙalu biyu a fitowa ɗaya. Ta farko ta Jason Brenchley da Daniel Douek ce, na cibiyar binciken rigakafi ta gwamnatin Amurka, tare da likitocin Minnesota. Ta biyu ta Saurabh Mehandru da Martin Markowitz ce, na Cibiyar Aaron Diamond da ke New York. Da na'urar leƙen ciki suka gutsuro naman hanjin majiyyata, suka kwatanta shi da jini da kaluluwa. Dukkansu sun cimma matsaya guda: a kowane mataki na cutar, tun daga na farko, asarar ƙwayoyin CD4 ta fi tsanani a hanji, kuma waɗanda ke ɗauke da CCR5 su ne suka fi ɓacewa.

A 2005 mujallar Nature ta wallafa wasu maƙalu biyu da suka auna girman abin a jikin birai. Joseph Mattapallil da Mario Roederer sun gano cewa a ƙololuwar kamuwa, wajen kwana na goma, cutar ta shiga kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari na ƙwayoyin CD4 masu tuni a duk faɗin jiki, kuma mafi yawan waɗanda ta shiga sun ɓace cikin kwana huɗu. Qingsheng Li da Ashley Haase sun yarda da girman ɓarnar, amma sun saɓa kan yadda take aukuwa. A ganinsu waɗanda cutar ta shiga kai tsaye ba su kai yawan waɗanda suka mutu ba, sauran sun hallaka ne saboda saƙon mutuwa da ya same su suna maƙwabtaka da masu cutar. Wannan saɓani ya ci gaba. A 2014 Gilad Doitsh da Warner Greene na San Francisco suka kawo bayani na uku: sau da yawa cutar takan shiga ƙwayar halitta ta kasa kammala hayayyafa, sai ƙwayar ta gane baƙon abu a cikinta ta fashe kanta, fashewar kuma ta jawo kumburi da ke kiran wasu ƙwayoyin zuwa wurin, su ma su faɗa tarko.

Me ya sa hanji?

Hanji iyaka ce tsakanin cikin jiki da duniyar waje. Faɗin shimfiɗarsa ya kai murabba'in mita 30 ko fiye kaɗan, kuma layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta ne ya raba naman jiki da tiriliyoyin bakteriya da ke zaune a cikinsa. Saboda haka jiki ya girke dakaru a ƙarƙashin wannan layi. Wasu suna tattare a ƴan dunƙule-dunƙulen da likitan Suwizalan Johann Conrad Peyer ya bayyana tun 1677, wasu kuma suna warwatse cikin naman bangon.

Dakarun da ke wannan iyaka kusan dukkansu masu tuni ne, kuma kullum a faɗake suke saboda kullum suna gogayya da baƙin abubuwa. Mafi yawansu suna ɗauke da CCR5, alhali a jini marasa rinjaye ne ke ɗauke da shi, domin jini yana da ɗanyun ƙwayoyi da yawa. HIV kuwa ta fi samun sauƙin hayayyafa a ƙwayar da ke faɗake mai ɗauke da mariƙan biyu. A 2008 Brandon Keele da abokan aikinsa suka nuna cewa a mafi yawan masu kamuwa ta hanyar jima'i, ƙwayar cuta guda ɗaya ce ke kafa cutar, kuma kusan kullum mai amfani da CCR5 ce. Takan yi kimanin kwana goma tana yaɗuwa ba a ganinta a jini, daga wurin shiga zuwa kaluluwar da ke kusa, daga nan zuwa jini. Da ta isa hanji sai ta tarar da abin da take nema a cunkushe wuri guda, kamar wutar daji ta sami busasshiyar ciyawa.

An daɗe ana maimaita cewa kashi 60 zuwa 70 na ƙwayoyin garkuwar jiki a hanji suke. A 2007 Vitaly Ganusov da Rob De Boer suka sake lissafi, suka nuna cewa wannan adadi ya yi yawa ƙwarai. Gyaran bai rushe binciken da ya gabata ba. Muhimmancin hanji yana ga irin ƙwayoyin da ke cikinsa da kuma iyakar da suke tsaro.

Tsagewar bango: 2006 zuwa 2008

Sabon binciken ya zo da tambaya mai wuya. Idan an yi wannan ɓarna cikin makonni uku, me ya sa mutum ke shekaru kafin ya kwanta? Kuma me ke ci gaba da cin garkuwar a waɗannan shekaru? Tun cikin shekarun 1990 Janis Giorgi ta Jami'ar California da ke Los Angeles ta nuna cewa garkuwar mai HIV a tunzure take ba hutawa, kuma yawan wannan tunzuri yana hasashen saurin tafiyar cutar, a wasu matakai ma fiye da yawan ƙwayar cutar a jini. Abin da ba a sani ba shi ne mai rura wutar.

A 2006 Brenchley da Douek suka kawo amsa a mujallar Nature Medicine. Sun auna wani sinadari mai suna LPS, wanda ɓangare ne na bangon wasu bakteriya na hanji, suka same shi da yawa a jinin masu HIV fiye da na marasa ita, kuma yawansa yana tafiya tare da yawan tunzurin garkuwa. Ma'ana, bangon hanji ya yi rauni har ɓurɓushin bakteriya yana tsallakawa cikin jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Garkuwar jiki tana ganin wannan ɓurɓushi sai ta tashi tsaye, tashin nata kuma ya samar wa HIV sababbin ƙwayoyi faɗakakku da za ta shiga, ya gajiyar da sauran, ya bar tabo a kaluluwa inda ake rainon sababbi.

A 2008 aka gano dakarun da rashinsu ya fi raunana bangon. Wani reshe ne na ƙwayoyin CD4 mai suna Th17, wanda ba a bayyana shi a kimiyya ba sai a 2005. Aikinsu shi ne taimaka wa shimfiɗar hanji ta gyara kanta, da kiran wasu dakaru su tare bakteriya. Tawagar Brenchley ta nuna cewa suna cikin waɗanda HIV ta fi kashewa a hanji. Manuela Raffatellu da abokan aikinta a Davis kuma suka nuna a jikin birai cewa idan waɗannan ƙwayoyi suka ragu, bakteriyar Salmonella takan tsallake hanji ta bazu cikin jiki. Wannan ya haskaka abin da likitoci a asibitocin Afirka, musamman a Malawi, suka daɗe suna gani: nau'in Salmonella da a wasu wurare gudawa kawai yake sawa, a jikin masu HIV yana shiga jini ya yi kisa.

Ƙalubale daga dazukan Afirka

Ba a bar wannan bayani ya zauna lafiya ba, kuma ƙalubalen daga Afirka ya fito. Birai iri-iri na nahiyar suna ɗauke da SIV tun zamani mai nisa ba tare da ta kwantar da su ba. Daga cikinsu akwai birin mangabe na dazukan Afirka ta Yamma, wanda daga gare shi HIV-2 ta tsallako zuwa ga mutane, kamar yadda babban reshen HIV-1 ya tsallako daga birin cimfanzi na kudu maso gabashin Kamaru. A 2007 tawagar Guido Silvestri da ta Ivona Pandrea da Cristian Apetrei suka nuna cewa biran mangabe da korayen biran Afirka su ma suna asarar ƙwayoyin CD4 na hanji da yawa a makonnin farko, kuma ƙwayar cutar tana da yawa a jininsu, amma ba su kaiwa ga ƙanjamau.

Wannan ya tilasta a gyara fahimta. Asarar farko ita kaɗai ba ta isa ta kawo ƙanjamau ba. Bambancin shi ne waɗannan birai suna riƙe ƙwayoyinsu na Th17, bangon hanjinsu yana nan da ƙarfinsa, ɓurɓushin bakteriya ba ya kwarara cikin jininsu, kuma bayan tunzurin farko garkuwarsu takan lafa cikin ƴan makonni. A jikin mutum da birin makak kuwa ba ta lafawa.

Ƙoƙarin mayar da wannan ilimi magani kai tsaye bai yi nasarar da aka sa rai ba. An gwada magungunan da ke rage bakteriyar hanji ko ɗaure ɓurɓushinsu, sakamakon bai taka kara ya karya ba. A 2008 James Arthos da Fauci suka nuna cewa HIV tana iya manne wa wata alama da ke jagorantar ƙwayoyin garkuwa zuwa hanji. A 2016 wani gwaji a jikin birai ya nuna kamar toshe wannan alama yana sa jiki ya danne cutar ba tare da magani ba, aka yi ta murna. A 2019 aka maimaita gwajin a wurare dabam-dabam ba a sami wannan sakamako ba, gwajin da aka yi a jikin mutane shi ma bai nuna hakan ba.

Yaushe za a fara magani?

Inda wannan tarihi ya fi taɓa rayuwar mutane shi ne lokacin fara magani. Magungunan farko suna da tsada da illa, saboda haka aka riƙa jinkirta su. A farkon shekarun 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe masu ƙarancin hali su fara ba da magani idan CD4 ta faɗo ƙasa da 200, ko cutar ta riga ta yi nisa. A 2010 aka ɗaga adadin zuwa 350, a 2013 zuwa 500. Duk waɗannan ma'aunai na jini ne.

A 2006 aka dakatar da wani babban gwaji mai suna SMART, wanda ya ƙunshi mutane fiye da 5,000, saboda an ga waɗanda ake ba su hutun magani idan CD4 ɗinsu ta yi sama sun fi mutuwa, har da cututtukan zuciya da hanta da ƙoda waɗanda a da ba a danganta su da HIV ba. Jinin da aka adana daga wannan gwaji ya nuna cewa alamun kumburi, har da wata alama mai nasaba da ɓurɓushin bakteriya, suna hasashen mutuwa. A birnin Bankok na Tailan kuma, wani shiri ƙarƙashin jagorancin Jintanat Ananworanich ya riƙa tace jinin masu zuwa gwaji domin gano waɗanda suka kamu cikin kwanakin farko. Sakamakon da suka wallafa a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka fara wa magani a matakin farko-farko sun tsira da ƙwayoyinsu na Th17, waɗanda aka fara wa bayan wannan kuwa farfaɗowarsu ba ta cika ba.

Hujjar da ta rufe gardamar ta zo a 2015 daga gwaje-gwaje biyu. Ɗaya shi ne TEMPRANO, wanda aka gudanar a Abijan ta Kwaddibuwa da mutane fiye da 2,000, ya nuna fara magani nan take ya rage haɗarin mutuwa ko ciwo mai tsanani da kashi 44 cikin ɗari. Ɗayan shi ne START, da mutane 4,685 a ƙasashe 35, inda ragin ya kai kashi 57. A Satumban 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara magani ga duk wanda aka tabbatar yana ɗauke da cutar, komai yawan CD4 ɗinsa. Waɗannan gwaje-gwaje ne suka sauya doka, binciken hanji kuma shi ya ba da ɗaya daga cikin manyan dalilan da suka sa jira yake cutarwa.

Sai dai fara magani da wuri ba warkewa ba ne. A 2008 Tae-Wook Chun ya nuna cewa ko bayan shekaru ana shan magani cutar tana maƙale a naman hanji, a 2014 kuma James Whitney da Dan Barouch suka nuna a jikin birai cewa maɓoyar cutar tana kafuwa tun kwana na uku. Shi ya sa idan aka daina magani take dawowa.

Kammalawa

An bayar da rahoton mai ƙanjamau na farko a Nijeriya a 1986, a Nijar kuma a 1987, a zamanin da samun cutar yake daidai da hukuncin kisa, har aka yi mata laƙabi da "kabari salamu alaikum". Yau mai shan magani a kan ƙa'ida yana iya rayuwa mai tsawo, yana aikinsa, yana riƙe iyalinsa. Abin da tarihin hanji ya ƙara mana shi ne sanin darajar kwanakin farko. Zazzaɓin da ke zuwa mako biyu zuwa huɗu bayan kamuwa yana kama da zazzaɓin cizon sauro, a ƙasashenmu kuwa da wannan sunan aka fi sallamarsa. Gwajin gaggawa da ke neman martanin jiki kaɗai yana iya cewa babu cuta a wannan lokaci, don haka wanda ya san ya shiga haɗari ya kamata ya gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiya, ya kuma koma a sake gwada shi. Wanda ya isa asibiti cikin awa 72 da aukuwar haɗarin ana iya ba shi maganin kariya na kwana 28. Wanda aka tabbatar yana da cutar kuma kada ƙarfin jikinsa ko kyawun sakamakon jininsa ya ruɗe shi ya ce zai jira, domin abin da jini ke nunawa bai kai abin da ya riga ya faru a hanji ba. Da sanyin safiya ake kama fara.